Tambaya da Amsa: Duba Tsoffin Na'urorin Awo da Neman Kayan Gyaransu a Accra

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan tsoffin na'urorin awo suke, wato mitoci da osiloskof (mai zana siginar lantarki a kan fuskar gilashi) da danginsu, waɗanda ke shigowa ta tashar Tema cikin kayan gwanjo, ko suke fitowa daga ɗakunan ajiya na makarantu da ma'aikatu. Na zaɓi huɗu na taƙaita su, kuma na ba ta farko fili mafi yawa, domin sauran ukun duk a kan amsarta suka dogara.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a Nima, ban daɗe da maigidana ya yaye ni ba. Na sayi osiloskof ƙirar Tektronix 465 a hannun wani mai kayan bola, babu igiyar wuta, babu takarda, shi kansa mai sayarwar bai san ko yana aiki ba. Abokaina sun ce in saka shi a wuta kawai in ga abin da zai yi, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuke ganin ya kamata in fara dubawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ka dakata, domin na'urori da yawa irin wannan sun tsallako teku lafiya, sun yi shekaru a ajiye lafiya, sannan suka mutu a minti na farko da wani mai gaggawa ya cusa su a soket. Abin da ke hannunka ba ƙaramin kaya ba ne. Kamfanin Tektronix na Amurka ya fara fitar da 465 a 1972, yana ɗaukar sigina har megahaz 100 a kan layi biyu, kuma ya fi ƙarfin duk wani aikin rediyo da amfilifaya da za a kawo maka. Sai dai shekarunsa sun haura arba'in, don haka ido da hanci da mita ne za su fara aiki, wuta ce za ta zo a ƙarshe.

Ka fara da bayansa. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu ta ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, kuwa 230, kuma a bayan 465 akwai makunnin zaɓi tsakanin 115 da 230. Idan daga Amurka ya taso, to kusan tabbas a kan 115 yake, kuma saka shi a soket ɗinmu a haka yana nufin ka ɗora wa taransifomarsa ninkin abin da aka shirya ta ta ɗauka. Bayan ka juya makunnin sai ka ciro fiyus, saboda na 230 kusan rabin na 115 ne, kuma adadin kowanne yana rubuce a bayan na'urar ko a littafinta. Idan ka tarar an naɗe fiyus da takardar sigari mai walƙiya, ko an ɗaura masa zaren waya, wannan shaida ce cewa wani ya riga ka, fiyus ya yi ta ƙonewa a hannunsa, shi kuma ya tilasta wa na'urar ta sha wuta; daga nan sai ka ninka hankali. A kan bugun wuta, wato haz 50 namu da 60 nasu, 465 ba ruwansa, an yi shi ya karɓi duka biyun, amma akwai wasu na'urorin Amurka da aka rubuta musu 60 kaɗai, waɗanda taransifomarsu ke zafi fiye da kima a wutarmu.

Sannan ka zare shi daga rigarsa, ka ɗauki hoton kowane ɓangare da wayarka kafin ka taɓa komai. Ka sansana, domin ƙaurin taransifomar da ta ƙone yakan yi shekaru bai fita ba. Ka haska fitila ka duba ko akwai rezista da ta yi baƙi, ko kafasita da ta kumbura ko ta zubar da ruwa ya bushe fari a gindinta, ko kuma koren tsatsa a ƙafafun kaya, wanda ya fi yawa a na'urorin da suka zauna kusa da teku kamar Chorkor da Jamestown, inda iska ke ɗauke da gishiri. Kashin kyankyaso da fitsarin ɓera suna cinye layukan tagulla na allo, ƙurar hunturu kuma idan ta sha laimar damina takan zama hanyar da wuta mai ƙarfi ke bi tana tartsatsi. Wani abu game da 465 shi ne yawancin taransistocinsa ba a liƙe suke da dalma ba, a cikin ƙananan soket aka dasa su, saboda haka cire su yana da sauƙi ga mai gyara, ɓatansu ma yana da sauƙi a hannun wanda ya riga ka. Ka bi allo bayan allo ka ga ko akwai gurbin da ya zama wayam. Ka kalli wuyan kwalbar hoto, wato doguwar kwalbar gilashin da sigina ke bayyana a fuskarta, da kyau, ka karkata na'urar a hankali ka saurara ko gilashi yana ƙara a ciki. A ganina, kwalbar da ta fashe ko babbar taransifomar da ta ƙone sun isa su sa ka tsayar da kashe kuɗi, ka ajiye na'urar a matsayin rumbun kayan gyaran wata.

Idan ido bai ga mugun abu ba, sai mita ta karɓa, har yanzu babu wuta. Bayan ka saka masa igiyar wuta, ka auna turjiya tsakanin ƙafafun wuta biyu na filogi, makunni yana kunne, ka tabbatar naɗin farko na taransifoma bai yanke ba, sannan ka auna tsakanin kowace daga cikinsu da jikin ƙarfe, inda bai kamata a sami hanya ko kaɗan ba. Daga nan ka nemi wuraren awo na layukan wutar ciki, waɗanda a 465 su ne +110 da +55 da +15 da +5 da −8, ka auna kowanne zuwa jikin ƙarfe. Layin da ya nuna kusan sifiri akwai abin da ya haɗe a kansa, kuma a wannan ƙira waɗanda ake fara zargi su ne ƙananan kafasitocin tantalam, 'yan dunƙule-dunƙule masu launin ja ko rawaya ko shuɗi a kan ƙafafu biyu. Halinsu ne idan sun tsufa su haɗe gaba ɗaya su ja layin ƙasa, wani lokaci har da hayaƙi. Ana gano mai laifin ne ta ɗaga ƙafarsu ɗaya bayan ɗaya har turjiyar ta dawo, kuma idan za ka maye gurbinta ka ɗauki wadda adadin bolt ɗinta ya fi na asalin.

Kunnawar farko ta cikin kwan fitila ake yin ta. Ana jera kwan mai zare, na wat 100 zuwa 150, a kan wayar wuta tsakanin soket da na'ura, ta yadda duk abin da na'urar za ta sha sai ya ratsa ta cikinsa. Lafiyayyar na'ura takan sa kwan ya ɗan haska sannan ya dushe, wadda ke da matsala kuwa kwan zai tsaya da haske sosai, ya shanye wutar da za ta ƙona taransifoma, kai kuma ka kashe ka koma bincike. Samun irin wannan kwan ya yi wuya tun da dokar 2008 ta hana shigo da shi da sayar da shi a Ghana, kwan LED kuma ba ya yin wannan aiki sam, amma kwan halojin na fitilar fili shi ma zare ne da shi, kuma yana wadatarwa. Wannan dabara ta na'urori masu babbar taransifoma ce irin naka. Waɗanda suka zo daga baya da wutar ciki mai saurin kunnawa da kashewa, kamar jerin 2200 da 2400 na Tektronix, kwan yana iya hana su tashi ko da lafiyarsu ƙalau.

Da zarar kwan ya dushe sai ka cire shi, ka kunna kai tsaye, ka sake auna layukan nan biyar. Ka fara da +55, domin daga gare shi sauran ke ɗaukar ma'auninsu, kuma idan ya karkace duk sai su bi shi. Mutane da yawa sun ɓata kwanaki suna neman cuta a wani allo alhali tana wannan layi. Ka juya mita zuwa awon wuta mai kai da komowa ka ga ko layukan suna rawa, wanda ke nuna manyan kafasitocin tacewa sun bushe. Ka rage haske kafin layin hoto ya bayyana a fuskar kwalba, saboda ɗigon haske mai ƙarfi da ya tsaya wuri ɗaya yana ƙona fuskar kwalba har abada. A gaban na'urar akwai ɗan madaukin ƙarfe da ke fitar da siginar gwaji ta milibolt 300 mai bugu kusan 1,000 a daƙiƙa; ka ɗora tsinken awo a kansa, idan ka ga murabba'i tsaf a layukan biyu, to ka yi sa'a. Idan hoton yana tsalle duk lokacin da ka murɗa makunni, datti ne a kan 'yan harsunan zinariya na ciki, kuma maganinsa shi ne siririyar takarda da aka jiƙa da sinadarin aisofurofil, wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi, a zura ta ƙarƙashin harshen a ja a hankali. Kada sanfefa ko man feshi na 'yan mota su kusanci wurin.

Abu biyu nake roƙonka ka riƙe saboda ranka. Wutar da ke zuwa kwalbar hoto ta haura bolt 15,000, manyan kafasitoci kuma suna riƙe caji bayan an kashe, don haka a sauke su ta cikin rezista, ba da bakin sukundireba ba, kuma hannu ɗaya kaɗai ke shiga cikin na'ura mai wuta. Na biyu, ɗan maƙalin da ke rataye a tsinken awo a haɗe yake da jikin na'urar, jikin kuma a haɗe yake da ƙafar filogi ta uku. Idan ka maƙala shi a ɓangaren wuta na talabijin ko caja, ka haɗa wutar ECG da ƙasa kai tsaye. Wasu sukan yanke ƙafar ta uku don su kauce wa wannan, sai jikin osiloskof ɗin gaba ɗaya ya ɗauki wuta yana jiran hannun da zai taɓa shi. Abin da ake yi shi ne a ba kayan da ake gyarawa wuta ta taransifomar rabewa, wadda ke raba su da haɗuwa kai tsaye da wutar gida, a bar ƙafar osiloskof yadda take, a kuma tabbatar soket ɗin shago yana da wayar ƙasa ta gaske, abin da ɗakuna da yawa a unguwanninmu ba su da shi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na daɗe ina riƙe da shagon gyara a Sabon Zongo. Ina fama da wata tsohuwar na'urar ba da wuta ta kan tebur, ƙirar Hewlett-Packard. Na sayi taransista 2N3055 a wani shago a cikin gari ya ƙone, na sake saye ya sake ƙonewa, alhali na bi sauran kayan ban ga aibu ba. Akwai kuma ƙananan taransistoci a cikinta masu lambar da babu wanda ya sani a kasuwa. Ina ake samun kaya na gaskiya?

Amsa: Barka kadai, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tunda kun bi sauran kayan, musamman ƙaramin taransistan da ke tura babban da rezistocin da ke ƙafarsa, to zargina yana kan abin da aka sayar muku. 2N3055 na gaske an yi shi ya ɗauki amfiya 15 da wat 115, kuma saboda farin jininsa yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya. Matsalar ita ce mita ba ta kama jabun, domin a kan tebur yana nuna duk alamun lafiya, sai an ɗora masa nauyi ya yi zafi sannan ya faɗi. Idan kuna son gani da ido, ku sadaukar da ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙone, ku yanke hular ƙarfensa da zarto: na gaske za ku tarar da ƙwayar siliki mai faɗin milimita da yawa zaune a kan ƙarfe mai kauri, jabun kuwa 'yar mitsitsiya ce, sau da yawa an lulluɓe ta da farin danƙo. Wannan yanka na irin wannan taransista ne kaɗai. Masu farin tangaran na na'urorin watsa sigina kada a fasa su, domin wasunsu suna ɗauke da sinadarin beriliyam wanda ƙurarsa guba ce ga huhu.

Kayan yau da kullum, rezistoci da dayod da fiyus da kafasitoci, ana samun su a shagunan Zongo Lane, kuma akwai masu gaskiya a can da suka san kayansu. Sau da yawa shi kansa mai shagon a haka aka sayar masa a kwali, bai sani ba, shi ya sa na fi son mutum ya tafi da mitarsa da ɗan abin gwajin kafasita ya auna a gaban kanta, maimakon ya dawo da faɗa. Ku goga rubutun da auduga mai ruwan goge jan farce, domin na jabu yakan goge ko ya bar baƙin fenti. Ku auna nauyi a hannu: kafasitar da aka rubuta mata maikurofarad 10,000 amma ba ta da nauyi, akwai waɗanda idan an farke su ƙarama ce aka saka a cikin babbar riga. Ku nemi sunaye irin su Nichicon da Rubycon da Panasonic, ku kuma zaɓi masu digiri 105 a kan masu 85, saboda rayuwar kafasita mai ruwa tana ninkuwa kusan sau biyu a duk digiri 10 da ta yi ƙasa da iyakarta, kuma zafin shagon kwano a watan Maris kun fi ni saninsa.

Ga manyan taransistoci, ni na fi amincewa da tsohon da aka ciro daga amfilifaya ko na'urar ajiye wuta da ta mutu, mai tambarin Motorola ko RCA, fiye da sabo mai sheƙi wanda ba a san asalinsa ba. Lambobi huɗun da ke jikinsa suna faɗin shekarunsa, misali 7834 yana nufin mako na 34 na 1978. Taransista ba ya lalacewa don zama kawai. Kafasita mai ruwa kuwa tana lalacewa, ko da ba a taɓa saka ta a aiki ba, don haka ita sabuwa ake saye, ba a ciro ta daga bola.

Lambobin da suka gagari 'yan kasuwa na cikin gida ne na kamfani. Hewlett-Packard yana fara lambar taransistocinsa irin NPN da 1854, irin PNP kuma da 1853, shi kuwa Tektronix da 151. A ƙarshen littafin gyara na kowace na'ura akwai jadawalin kaya, inda sau da yawa aka rubuta lambar da duniya ta sani a gefen ta kamfani, sai ku ga abin da kuka yi ta yawon nema ashe yana cikin aljihun teburinku. Littattafan nan yawancinsu suna intanet kyauta, amma ku dace da lambar jikin na'urarku, domin kamfani yakan canza zane a tsakiyar tafiya. A lambar Hewlett-Packard, idan aka ƙara 1960 a kan lambobi biyun farko ana samun shekarar wannan zanen, biyun da ke biye kuma mako ne. Sai dai a yi hattara da musanya: sabon taransista da ya fi na asali sauri yana iya sa da'ira ta riƙa kaɗawa ita kaɗai, kuma inda aka saka biyu a matsayin tagwaye, tare ake canza su.

Akwai kayan da ba su da madadi ko kaɗan, kamar ƙwayoyin da Tektronix ya ƙera wa kansa masu lambar 155, da makunnai masu hawa-hawa, da taransifomar wuta mai ƙarfi, da kwalbar hoto. Waɗannan sai daga gawar 'yar'uwar na'urar. A da Agbogbloshie, babbar kasuwar kayan bola ta Accra, ake nufa, amma tun da aka tashi wurin a watan Yulin 2021 masu sana'ar sun watsu cikin unguwanni, don haka abin da ya fi amfani yanzu shi ne ku kulla hulɗa da samarin da ke tura baro suna sayen kayan bola. Ku nuna musu hoton abin da kuke nema, ku bar musu lambar waya, ku kuma biya su fiye da abin da sikeli zai ba su, domin su tagulla da alminiyam suke gani, kuma idan ba a riga guduma ba an yi asara. Idan na'ura tana ɗauke da tambarin wata ma'aikata ko makaranta, ku nemi takardar gwanjonta kafin ku ba da kuɗi. Wannan kariya ce ga mutuncinku da kuma haƙƙin ɗaliban da wataƙila da ita suke karatu.

Abin da ya gagara a gida sai a aika waje, wurin dillalai irin su Mouser da Digi-Key da RS, waɗanda daga masana'anta suke saye kai tsaye. Kuɗin jirgi da na kwastan yakan fi kuɗin kayan, shi ya sa ya fi kyau masu gyara biyar ko shida su haɗa jerin buƙatunsu a kwali ɗaya, ko a ba ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila ko Jamus saƙo.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce mai karatun lantarki, ina zaune a Madina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini mitarsa Avo 8. Batir ɗinta ɗaya na bolt 15 ne, ban same shi ko'ina ba, kuma wani lokaci abin da take nunawa yana saɓa wa mitata mai lambobi. Shin ta lalace ne?

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama, 'yata, ya kuma sa wa karatunki albarka. Mitar nan ta Ingila ce, an fara yin ta a 1951, ba a daina ba sai 2008, kuma irinta ce ta horar da yawancin tsoffin ma'aikatan lantarki da na gidan waya a ƙasar nan. Batir ɗin bolt 15 awon turjiya mafi girma kaɗai yake yi wa aiki, na bolt 1.5 kuma ƙananan. Awon ƙarfin wuta da gudunta ba sa buƙatar batir ko ɗaya. Ki jera batir masu siffar kwabo guda biyar, CR2032, kowanne bolt 3, ki naɗe su da tef, kin sami 15 ɗinki. Kafin haka ki duba gidan batir, domin tsohon da aka manta a ciki yakan zuba ya cinye ƙarafan.

Saɓanin da kike gani ba lallai ne ya zama cuta ba. Avo tana da turjiyar om 20,000 ga kowane bolt, wato a zangon bolt 10 tana zama kamar rezistar om 200,000 a kan da'ira, mita mai lambobi kuwa yawanci om miliyan 10 ce. A wurin da wuta ba ta da ƙarfin gudu, kamar ƙafar taransista, Avo tana jan adadin ƙasa, kuma tsoffin littattafan gyara da yawa da irin wannan mita aka rubuta adadinsu, don haka a can ita ce za ta dace da littafi. Ki gwada su biyun a kan batirin mota ko na'urar ba da wuta. Idan sun yi kusa da juna a can, lafiyarta ƙalau. A kwance ake karanta ta, kuma madubin da ke fuskarta an saka shi ne don ki daidaita ido har allura ta rufe inuwarta.

Don sanin lafiyar naɗin da ke juya allura, ki sa ta a zango mafi ƙanƙanta na maikuro'amfiya 50, ki haɗa wayoyinta biyu da juna, ki ɗan jujjuya ta: allurar lafiyayya za ta yi nauyi tana motsi a hankali, idan kin raba wayoyin kuma ta saki jiki. Kada ki auna wannan naɗi da wata mita mai allura, domin maikuro'amfiya 37.5 kawai yake buƙata ya kai ƙarshe, wayarsa kuma ta fi gashi siranta. Idan zango ɗaya ne kaɗai ke ƙarya, to rezistar wannan zango ce ta ƙone a ranar da wani ya auna wuta makunni yana kan om. A nan ne nake so ki yi taurin kai. Rediyo idan aka saka masa rezistar da ta kauce da kashi 5 cikin ɗari zai ci gaba da magana, ba wanda zai sani, amma mita da aka yi wa haka ta zama olonkar awon hatsi da aka buga wa gindi, duk wanda aka auna wa da ita an cuce shi, mai awon ma bai sani ba. Ki nemi rezista mai kashi 1 cikin ɗari ko ƙasa da haka, idan adadin bai samu ba ki jera biyu ko uku har su ba da shi daidai.

Tambaya: Malam, daga Aboabo a Kumasi nake rubutowa. An ce duk tsohuwar na'ura a canza kafasitocinta gaba ɗaya kafin komai. Gaskiya ne? Kuma ta yaya zan san awonta daidai ne bayan gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, ban goyi bayan a canza komai a rufe ido ba. Wanda ya cire kaya hamsin a rana ɗaya a na'urar da bai taɓa ganin tana aiki ba, idan ta ƙi tashi ba zai san ko tsohuwar cuta ce ko sabuwa daga hannunsa ba, ga kuma layukan allo da ke ɗagowa da zafin ƙarfen liƙi. A fara gyara abin da ya lalace, a auna turjiyar cikin kowace kafasita mai ruwa, wadda masu sana'a ke kira ESR, a canza kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Waɗanda ba na jira da su su ne kafasitocin takarda masu kakin zuma na na'urori masu kwalabe, da masu rawaya-rawaya ƙirar Rifa da ke bakin shigar wuta a na'urorin shekarun 1970 da 1980, waɗanda jikinsu ke tsattsagewa ya sha laima, wata rana su fashe da hayaƙi mai wari. Na tangaran da na maika da ke da'irar awo kuwa a bar su, domin da su aka daidaita na'urar. Manyan na gwangwani masu mai, waɗanda aka yi kafin 1979, suna iya ɗauke da sinadarin PCB mai illa, don haka ba a fasa su, ba a kuma jefa su a wuta.

A kan daidaito, doka ta farko ita ce kada a murɗa ƙananan madaidaitan ciki don neman gyara, domin kowanne wani ya saita shi da ma'aunin da ya fi namu. Ka bar na'ura ta yi ɗumi na minti 30, sannan ka gwada ta da abin da ka san adadinsa: ƙwayar AD584 tana ba da bolt 2.5 da 5 da 7.5 da 10 tsayayyu, 'yan rezistoci masu kashi 0.1 cikin ɗari suna gwada zangon om, kuma da'irar kiristal tana gwada awon lokaci na osiloskof. Haz 50 na wutar gida yana nuna babban kuskure kawai, ba ya isa a saita na'ura da shi. Ka rubuta abin da ka samu da kwanan wata, ka manna a cikin murfi, ka maimaita bayan wata shida ka ga ko tana zamewa. Wannan ya wadatar da aikin shago. Idan kuwa awon naka na asibiti ne ko na masana'anta, inda za a dogara da lambar da ka rubuta, to sai a kai na'urar sashen ma'aunai na hukumar GSA, mai kula da ingancin kaya da awo a Ghana, a gwada ta da nasu ma'aunin, su ba ka takardar shaida mai ɗauke da ranar da za a sake kawo ta.